Kiɗa a mashayar Turawa da waƙar aro: ga yadda ake yi, daga wanda ya fara shan kunya

Tun da wani abokina ya ɗauke ni bidiyo ina kaɗa jita a wata mashaya a nan Sheffield ta Ingila ya tura wa mutanenmu, tambaya biyu ake ta min. Ta farko wai me ya kai ni wajen, ta biyu kuma daga samarinmu ne da suka zo karatu ko aikin kula da tsofaffi suke da ɗan hannu a kiɗa, ya ake yi mutum ya samu a miƙa masa makirfo. Bari in sallami ta farkon da wuri. Eh ana sayar da giya, ba zan ɓoye ba, ni dai soda da lemon tsami nake sha kuma babu wanda ya taɓa min kallon banza akan haka. Abin da suke kira fab ɗin nan, wato mashayar, shine majalisarsu, ƙasa ce ta sanyi babu zaman gindin dalbejiya babu bencin mai shayi, toh nan tsofaffi suke haɗuwa da karnukansu, ranar Lahadi har da yara ake zuwa cin gasasshen nama da dankali. Wanda zuciyarsa bata kwanta da wajen ba kar ya tilasta wa kansa, duk abin da zan faɗa yana aiki a gidan shan kofi ko zauren taron unguwa, suma suna shirya irin wannan daren. Yayana da ya ga bidiyon kira na yayi daga Kaduna yace "kai yanzu roƙo ka tafi yi Turai?" nace Yaya ina ma roƙon ne, mutanen nan ko liƙi basa yi.

Ƙofar shiga ita ce daren da suke ce wa ofin mayik, wato makirfo a buɗe yake ga duk wanda ya zo. Yawanci tsakiyar mako ake yi, Litinin zuwa Alhamis, saboda ranakun ne ciniki yake ja da baya mai mashaya yana neman abin da zai jawo mutane. Zaka gansu a Facebook ko a rubuce da alli a allon da suke jinginewa a bakin ƙofa. Amma dan Allah kar ka ɗauki jita ranar farko. Je ka zauna kawai, sau biyu ko uku, ka sayi lemonka ka kalla. Su waye suke zuwa, 'yan jami'a ne ko 'yan fansho, wace waƙa ce in aka fara suke ajiye kofi su juyo, wacce ce kuma take tashinsu zuwa bayi. Ka duba ko akwai talabijin a bango, in akwai toh ka haddace ranakun wasan Sheffield United da Sheffield Wednesday, don ko muryarka ta kai ta kanari ba zaka ja da ƙwallo ba.

Ni ban yi haka ba shi yasa nake gaya maka. Daren farko na isa a makare aka sa sunana can ƙasan takarda, na zauna awa biyu tafin hannuna yana gumi. Da aka kira ni na shiga ɗan lungun da suke kira dandamali, tsakanin allon jifan kibiya da ƙofar bayi, kafet ɗin wajen har kama takalmi yake, na fara da waƙata ta kaina da na rubuta saboda kewar gida, baiti bakwai Hausa zalla, minti shida cur. Ina baiti na biyu surutu ya dawo kaman Kasuwar Bacci. Wata mata tana ba ƙawarta labari suna ƙyaƙyatawa, mai kanta yana juye ƙanƙara a bokiti, wani baƙin kare a ƙarƙashin tebur shi kaɗai yake kallona shima hamma yake yi. Na gama aka min irin tafin nan na Allah ya ba da haƙuri. Saura waƙa ɗaya kuma kaina ya ɗauke gaba ɗaya, sai kawai yatsuna suka faɗa kan wata tsohuwar waƙar Don Williams da Babanmu yake sawa a kaset in muna wanke masa mota ranar Asabar, ban ma shirya ta ba. Kafin in kai amshi wani dattijo mai jar fuska ya dire kofinsa ya kama, matarsa ta kama, teburin bayansu suka kama. Ashe mutumin nan yayi tashe a Ingila a shekarun 1970 kaman yadda yayi a gidajen rediyonmu. Da na sauko dattijon ya riƙe min hannu yana tambaya ina na koyi wannan, nace Kaduna, ya gyaɗa kai kaman ya san wajen alhali daga gani bai taɓa jin sunan ba.

Abin da na gane a daren kenan. A gida makaɗi da 'yan amshinsa yake zuwa, marigayi Shata baya tsayawa shi kaɗai, ga kalangai ga masu karɓa a bayansa. A mashaya kai kaɗai ka zo, 'yan amshinka sune waɗancan da suke zaune riƙe da kofuna, basu yi atisaye da kai ba, basu san ka ba, waƙar da suka sani kawai zasu iya karɓa. Kuma kar ka ga fuskarsu a ɗaure a cikin bas ka ɗauka basa waƙa. Daga tsakiyar Nuwamba zuwa Kirsimeti in ka je ƙauyukan arewacin garin nan irin Dungworth da Worrall zaka tarar da mashaya cike maƙil ana rera tsofaffin waƙoƙin Kirsimeti na yankin, maza da mata kowa da muryar da yake ɗauka, babu wani tauraro a gaba. Mutane ne masu son amshi, jira suke a buɗe musu ƙofa. Ƙofar kuwa ita ce abin da suke kira koba, ni waƙar aro nake ce mata.

Na san yadda kalmar aro take zauna mana a kunne, kayan aro baya rufe katara, nima shekaru na yi ina raina mai rera waƙar wani, ina ganin don bashi da tasa ne. Garin nan ya cire min wannan. Ƙungiyar mawaƙan Arctic Monkeys da duniya ta sani yanzu, wasansu na farko a wata mashaya ne a tsakiyar gari mai suna The Grapes a watan Yunin 2003, kuma har da waƙoƙin wasu a cikin abin da suka kaɗa a daren. Amma babban malamin shine Joe Cocker, ɗan Sheffield ne an haife shi 1944, da rana yana koyon aikin haɗa bututun gas da dare yana zaga mashayu yana rera waƙoƙin Ray Charles da su Chuck Berry. A 1968 ya ɗauki waƙar ƙungiyar Beatles mai suna With a Little Help from My Friends wadda ta fito shekara ɗaya kafin nan, mai gangarsu Ringo Starr ne ya rera ta, 'yar waƙa mai fara'a da bata kai minti uku ba, tafiyarta ɗaya biyu uku huɗu kaman maci. Cocker ya rage mata gudu sosai, ya mayar da ƙirgen bugun zuwa shida mai lilo, ya sa mata suna jefo masa tambaya yana amsawa da wata irin murya kaman maƙogwaronsa zai tsage, ta koma minti biyar, ta hau lamba ɗaya a Ingila a Nuwamban shekarar, ya kuma je ya rera ta a taron kiɗa na Woodstock a Amurka a 1969. Ka nemo biyun ka saurara a jere da abin kunne, ka rufe ido. A ta farko mutum ne yake gaya maka yana da abokai kuma hankalinsa kwance, a ta biyu mutum ne da in abokan suka sake shi zai nutse. Kalmomin kusan sune dai, ba a ƙara labari ba.

Toh da wannan kunnen ake sauraron waƙar aro, ko a mashaya ko a waya. Tambayar "ya yi kama da mai ita ko bai yi ba" ta masu kwaikwayo ce, akwai su a nan, sana'a ce guda, su sa gashin kanti da kaya irin na mawaƙin su kwaikwayi har yadda yake tari, ban raina su ba suna cin abinci. Abin da ni nake nema shine me wannan ya gani a cikin waƙar da mai ita ya bari a ƙasa bai ɗauka ba. Mutanenmu da yawa har gobe suna ɗauka I Will Always Love You ta Whitney Houston ce, alhali Dolly Parton ce ta rubuta ta, ta fito a 1974, sallama ce take yi wa abokin sana'arta Porter Wagoner a hankali kaman mai raɗa, sai a 1992 Whitney ta ɗauka ta ɗaga rufin ɗaki da ita. Ni ta Dolly ta fi kama ni amma wannan rigimar ta wata rana ce. Wani lokacin ma a ofin mayik zaka ga yarinya 'yar shekara sha tara da kod uku, wato kamun yatsu uku a jita, ta ɗauki waƙar rawa ta disko ta rage mata gudu, sai ka ji ashe kalmomin na baƙin ciki ne, shekaru kana taka rawa da su baka taɓa lura ba.

Yanzu zaɓen waƙa. Za a baka biyu ko uku, minti 10 zuwa 15, kar ka wuce ko da tafi ya ruɗe ka. Nemi wadda amshinta gajere ne, wanda ko mutum ya ɗan yi nisa a kofi zai iya kamawa, wadda kod ɗinta, wato kamun yatsun, bai wuce uku ko huɗu ba saboda ranar farko hannunka zai yi rawa ko ka ƙi ko ka so. Tsofaffin waƙoƙi sun fi sababbi aiki don sun haɗa uba da ɗa. Ka tambayi mai shirya daren wace waƙa ce ta ishe su, zai gaya maka da dariya, kuma na tabbata Wonderwall ta Oasis tana ciki, duk wanda ya sayi jita a ƙasar nan tun 1995 da ita yake fara koyo, in kai ne na uku da ya kaɗa ta a dare ɗaya sai dai Allah ya kyauta. Jerin da ni nake bi: in buɗe da sananniya mai matsakaicin gudu don su san ba ɓata musu lokaci na zo yi ba, in sa tawa ko ta Hausa a tsakiya lokacin sun riga sun bani aron kunne, in rufe da mai babban amshi. Kafin ta Hausar jimla ɗaya tak nake faɗa, wannan akan mahaifiyata ce, shikenan, kar ka tsaya lacca akan tarihin Arewa. Waccan waƙar mai baiti bakwai da ta kunyata ni, na rage ta zuwa uku, yanzu shiru ake yi mata.

Muryar mai waƙa ba taka bace, wannan ne kuskuren da yafi yawa. Mutum ya dage sai ya rera a daidai matakin da ya ji a faifai, a kai wajen hawa murya ta fashe kaman ta zakaran da bai gama balaga ba. Nemo wuri mafi tsayi a waƙar ka gwada shi da safe kana tashi daga barci, in sai ka yi yunƙuri kafin ka kai toh ka sauko da ita. Kafo, ɗan maƙalin nan da ake dannewa a wuyan jita, kowane gida ka matsar da shi gaba yana ɗaga waƙar rabin mataki, in kuma saukowa kake so sai ka canza kamun yatsun ko ka sassauta tsirkiyoyin duka shida rabin mataki. Amma kar ka sauko da yawa, murya in ta yi ƙasa sosai surutun mashaya haɗiye ta yake yi. Sai gudu. Tsoro yana sa mutum sauri bai sani ba, waƙar minti huɗu ka gama ta a uku kana haki. Kafin ka taɓa tsirkiya ja numfashi, rera amshin a zuci, ka fara buga ƙafa a ƙasa tukuna sannan hannu ya bi ƙafar.

Sai maganar da ba kowa zai gaya maka ba, fa da pa. Harshenmu baya raba su, haka ba da va, kuma akwai kalmar da in ka sa fa a gurbin pa ma'anarta sai ta koma abin da ba a faɗa a gaban surukai, an taɓa min dariya har da buga tebur ni kuma ina ta murmushi ban san laifina ba. Ɗauki kanka a waya ka saurara, ka ja layi ƙarƙashin kalmomin amshi ka gyara su ɗaya bayan ɗaya. Sauran kuma bar su yadda Allah yayi harshenka, kar ka matse hanci kana kwaikwayon Ba'amurke, nan take suke ganewa, kuma lafazinka yana cikin abin da ya sa suke juyowa. Ka haddace baitocin. Mai karantawa a waya idonsa a ƙasa yake, wanda baka kalla ba kuwa ba zai karɓa maka ba.

Ta yaya zaka sa waƙar ta zama taka? Canza abu ɗaya, ɗaya tak. Ko gudu, ko bugu, ko yanayin murya. Ni abin da nake yi shine in aro hannun masu gurmi da garaya, ɗan gajeren kiɗa da babban yatsa yake ta maimaitawa akan tsirkiya ɗaya da aka bari a sake tana gunji a ƙasa, wani lokacin in riƙa marin cikin jitar da tafin hannu kaman kiɗan ƙwarya. Sai su ji waƙar da suka sani tun suna yara tana tafiya da wata ƙafa daban. Wani lokacin in juya baiti ɗaya zuwa Hausa, suna son wannan sosai, amma da an zo amshi na koma Turanci kuma karin amshin bana taɓa shi ko kaɗan, don nan ne rabonsu, in ka lanƙwasa shi zasu shigo su yi karo da kai su ji kunya su yi shiru, kuma in Bature ya ji kunya sau ɗaya ya gama waƙa a daren. Na taɓa yin zarin canza komai a lokaci guda, har na kusa gamawa babu wanda ya gane wace waƙa ce. Abu ɗaya dai, in zaka ɗauki waƙar wani a situdiyo ka fitar da ita da kalmomin da ka canza ko ka fassara, wannan sai da izinin masu haƙƙinta, ba irin wasan mashaya bane.

Kaya basu da yawa. Jita mai wajen jona wayar sifika, wayarka ta kanka don ta wajen kullum tana da ciwo, ɗan abin saita tsirkiya da ake maƙalawa a kan jita, kafo, tsirkiya ta ajiya, da batir mai bolt 9 in jitarka tana amfani da shi. In ka bar waya a jone a gida batirin zuƙewa yake ko ba kaɗawa kake ba, ni sai da sautina ya mutu a tsakiyar waƙa na koya. Sabuwar tsirkiya kwana biyu ko uku kafin ranar ake sawa, ta ranar bata zama, kana kaɗawa tana saki. In lokacin sanyi ne ka shigo da jita daga waje zuwa ɗaki mai ɗumi, bar ta a jakarta kaman minti 20 sannan ka buɗe ka saita, kuma ka saita kafin a kira sunanka, babu abin da yake kashe wuri kaman mutum ya hau yana ting ting ting yana ba da haƙuri.

Mai kula da miksa, wato na'urar daidaita sauti, shine sarkin daren, gaishe shi da kyau, tambayi sunansa. In yace gwada, rera da ƙarfin da zaka rera da gaske, kar ka yi raɗa a gwaji sannan ka zo ka fasa sifika. Makirfon da zaka tarar kusan kullum Shure SM58 ne mai kan raga, tun 1966 ake yin sa, baya jin wahala amma yana son kusanci, tsakanin leɓenka da shi kar ya wuce yatsu biyu, in zaka ɗaga murya ka ɗan ja baya. Kar ka hura masa iska, kar ka ƙwanƙwasa shi, kar ka dunƙule kansa a hannu irin na 'yan hip hop, kar ka juya shi wajen sifika, kukan nan mai huda kunne yana tashi ne in makirfo ya ji sautin kansa daga sifika ya sake mayarwa. In ka gama kalli mai miksa ya gyaɗa maka kai kafin ka zare waya, in ba haka ba zata yi wani ɗas da zai sa kowa ya zabura. Kofin lemonka a ƙasa nesa da wayoyi, ba a kan sifika ba.

Mashaya ce, dole wata rana ka haɗu da wanda ya yi tatul. Zai zo har gabanka kana tsakiyar baiti yana ihun sunan wata waƙa. Yi murmushi ka gyaɗa kai ka ci gaba, in ka gama kace ban iya ta ba amma zan koyo, kuma ka koyo ɗin, rabin waƙoƙin da nake ci da su yanzu haka na same su. Makirfo da jita kam kar ka miƙa masa ko ya rantse shi tsohon makaɗi ne. In abin ya wuce wasa, ya taɓa ka ko ya kawo maganar launin fata, kar ka biye masa ta makirfo, kalli masu kanta, aikinsu ne kuma a inda nake zuwa basa wasa da shi.

In ka sauko kar ka saɓa jita ka fice. Masu yin haka an san su kuma ba a sake yi musu tafi. Zauna ka saurari na bayanka, ka karɓa musu amshi, ka sayi wani abu a kanta ko da gyaɗa ce don cinikin nan shine dalilin daren. Ta haka aikin kuɗi yake zuwa, ni bayan wata huɗu ina zuwa duk Talata uwargidan mai wajen ta tsayar da ni a bakin ƙofa tace ko zan iya riƙe mata daren Asabar, da kalmar nan tasu ta masoyi da mutanen garin nan suke kiran kowa da ita har direban bas, farkon zuwana ba ƙaramin tsorata ni tayi ba. Daren Asabar wani abu ne daban, zagaye biyu ne na minti 45 da hutu a tsakani, kana buƙatar waƙa ashirin da wani abu a ka, kusan duka na aro, kuma a nan waccan ta Oasis da aka hana ka ita zasu roƙa. Ku yi magana a rubuce ta saƙon waya, nawa ne, ƙarfe nawa, wa zai kawo sifika. Fam 80 aka bani a karon farko, bayan na cire tasi da hayar sifika abin da ya rage bai kai a faɗa wa Yaya ba.

Maganar doka kaɗan ce amma ka riƙe ta. Haƙƙin masu waƙa ba a wuyanka yake ba, mai mashaya ne yake biyan lasisi, ƙungiyar PRS ce take karɓar wa marubuta waƙa kuɗinsu, PPL kuma na faifan da ake sawa, tun 2018 suka haɗa lasisin ya zama ɗaya. Wato in ka rera waƙar wani a wajen da yake biya ba sata kayi ba. Akwai kuma dokar kiɗa ta 2012 a Ingila da Wales da ta sauƙaƙa wa wuraren da suke da lasisin sayar da abin sha, basa buƙatar wani izini daban don kiɗa daga 8 na safe zuwa 11 na dare in mutane basu wuce 200 ba, a 2015 aka ɗaga zuwa 500. Shi yasa zaka ga ana kallon agogo in sha ɗaya ta kusa. Inda nafi so ka buɗe kunne shine biza. Bizar ɗalibi bata yarda ka yi sana'ar kanka ba, bata kuma yarda ka yi aikin nishaɗantarwa na kuɗi ba, toh ɗalibi ya tsaya a ofin mayik na kyauta, kar fam 80 ta jawo maka abin da ya fi ƙarfinka. Sauran ma kowa ya karanta sharuɗɗan tasa kafin ya karɓi ko sisi. Wanda takardunsa suka yarda, in abin da ya samu a irin wannan aikin ya haura fam 1,000 a shekara sai ya sanar da hukumar haraji ta HMRC.

In ka ji an kaɗa ƙararrawa a kanta, sanarwa ce ta sayen ƙarshe, mutane zasu tashi su yi layi, kar ka fara waƙa mai sanyi a lokacin, bari su dawo da kofunansu sannan ka saki mai babban amshin, ka ja baya daga makirfo a zagaye na ƙarshe ka bar musu ita su ƙarasa da kansu. Sha ɗaya na yi ka tsaya ko suna ihun a ƙara, maƙwabta suna da lambar ƙaramar hukuma kuma uwargida ce zata sha faɗan. Naɗe wayarka da kanka, leƙa ƙarƙashin kujera, ka duba lokacin tiram na ƙarshe, wato ɗan jirgin ƙasan cikin gari, tun kafin ka fito daga gida. Kuma ka rubuta sunanka a jikin kafo da jan farce ko wani abu da baya gogewa, wanda nake amfani da shi yanzu shine na huɗu.